Tiyon man sitiyari na ta ficewa tun da aka canza wa Hilux inji

Mai Hilux Ɗan Bichi:
Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux da nake ɗaukar buhunan hatsi zuwa Dawanau. Bara aka cire mata injin dizal 2L aka ɗora 3RZ na fetur. Famfon sitiyarin ya zo tare da sabon injin, sai tiyon da ke tafiya daga famfo zuwa akwatin sitiyari ya gaza tsawo, bakinsa kuma bai hau ba. Bakanike ya yanka tiyo biyu, ya haɗa su da guntun bututun ƙarfe, ya ɗaure da kilif biyu-biyu. In ina tafiya miƙe lafiya lau, amma da na murɗa sitiyari ƙarshe da kaya a baya, sai mahaɗar ta fice, mai ya wanke injin. Yanzu famfon har kuka yake da safe. In ƙara kilif, ko in nemo tiyon Beljiyam a Ƙofar Ruwa?

Oga Sani Panteka:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka ƙara ko kilif ɗaya. Tiyon sitiyari iri biyu ne. Wanda ke mayar da mai cikin tanki ba shi da matsi sosai, shi ne ake ɗaurewa da kilif. Naka kuwa na matsi ne, in ka kai sitiyari ƙarshe matsin yana iya haura psi 1,000 (psi ma'aunin matsi ne), babu kilif ɗin da zai riƙe wannan. Kuma man nan in ya fesa kan salansa mai zafi yana kama wuta, wannan ya fi damuna fiye da asarar man.

Na Beljiyam ma da wuya ya yi maka, domin motarka ta zama ruwa biyu: bakin famfo na wani inji ne, bakin akwati na wani. Cire tiyon duka biyu ka kai wa masu matse tiyon katafila. Su ajiye bakunan ƙarfenka na asali, su sa sabuwar roba guda ɗaya a tsakani, su matse da inji. Kafin a matse, a gwada a jikin motar a yi alama da fenti, don in baki ya kalli wani gefe, tiyon zai murɗe, ba ya gyaruwa kuma.

Injiniya Maraɗi:
Maganar Oga haka take, sai ƙari ɗaya. Tiyon katafila mai waya a ciki ba ya buɗawa sosai in matsin mai ya hau, shi ya sa wasu bayan gyara suke jin gurnani da karkarwa a hannu. In za a samu wanda aka rubuta SAE J188 a jikinsa, shi aka yi domin sitiyari. A bar masa ɗan rara saboda inji yana motsi a kan kujerarsa, kada kuma ya gogi shasi. Washa biyun nan na jan ƙarfe da ke kan notin famfo a sa sababbi, tsofaffin sun riga sun matse.

Mai Hilux Ɗan Bichi:
Allah ya saka da alheri. To kukan famfon fa, ya mutu ke nan?

Oga Sani Panteka:
Ba lallai ba, galibi iska ce ta shiga. Leƙa tankin, in ka ga kumfa to ita ce. Bayan an ɗaura tiyo, zuba ATF Dexron, wato man giyar atomatik, jan nan da Toyota ke sha, kada yaron gareji ya zuba maka man birki. Ɗaga gaban motar a kan jak, inji a kashe, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ashirin kana cika tankin. Sannan ka tada inji ka maimaita a hankali, ba tare da ka danne shi a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar ba. In kumfa ta ɓace amma kukan bai daina ba, kuma man ya yi baƙi da ƙyalƙyalin garin ƙarfe, to famfon ya ci kansa, sai a canza shi a wanke layin gaba ɗaya.