Hotunan mahaifina suna cikin ma'ajiyar intanet, amma na kasa shiga

Maman Yara:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin wannan fanni a kan abin da ya hana ni barci tun watan jiya. Shekara shida da suka wuce na sayi waya, yaron shagon ya buɗe mini asusun imel, ya rubuta kalmar sirrin a wata 'yar takarda ya sa a cikin kwalin wayar, ya ce mini duk hoton da na ɗauka zai riƙa hawa intanet da kansa. Tun daga ranar na saki jiki, ban taɓa kwafe hoto ko ɗaya zuwa wani wuri ba. A ciki akwai hotunan sunan 'ya'yana biyu, da na ranar da mahaifina ya dawo daga aikin Hajji, da wani ɗan bidiyo da yake yi wa jikokinsa addu'a a zaure, wata uku kafin Allah Ya karɓi ransa.

An sace wayar a cikin adaidaita sahu. Da na sayi sabuwa na nemi takardar na rasa, sai aka ce za a turo lambar tabbatarwa zuwa layin da aka yi rajistar asusun da shi, wanda na daina amfani da shi tun tuni. Na kira lambar, wani mutum da ban sani ba ya ɗauka, ya ce shi sabo ya sayi layin. Tambayata biyu ce: shin akwai sauran fata game da waɗannan hotuna, kuma shin daidai ne mutum ya dogara da irin wannan ma'ajiya tun farko?

Malamin Kwamfuta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Akwai fata, amma kada ki yi jinkiri. Ki shiga shafin dawo da asusu na kamfanin, ki gwada duk wata kalmar sirri da kike tunawa ko da tsohuwa ce, kuma idan akwai wata waya ko kwamfuta a gidan da aka taɓa shiga asusun da ita, ki yi ƙoƙarin daga kanta, domin na'urar da kamfani ya riga ya sani tana ƙara masa yarda cewa ke ce mai asusun. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi zai fasa miki asusun, ki guje shi. Dalilin da na ce kada ki yi jinkiri shi ne, ba ki ambaci kamfanin ba, amma Google alal misali ya sanar a 2023 cewa daga watan Disamba na shekarar yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, tare da abin da ke cikinsa.

Tambayarki ta biyu ita ce na fi so in tsaya a kanta. Abin da muke kira ma'ajiyar intanet kwamfutoci ne na wani kamfani a wani gini da ke wata ƙasa, kamar ɗakin haya ne, kuma mai ɗaki yana da ikon canza sharaɗin haya duk ranar da ya ga dama. Google Photos ya shafe shekaru yana karɓar hotuna kyauta ba iyaka, sai a ranar 1 ga Yuni 2021 ya daina, aka koma lissafa sababbin hotuna cikin gigabait 15 da mutum yake rabawa tsakanin imel ɗinsa da fayilolinsa da hotunansa. Flickr, wani shafin ajiye hotuna, ya taɓa ba kowa terabait guda (wato kimanin gigabait 1000) kyauta, amma bayan an sayar da shi a 2018 sai aka taƙaita asusun kyauta zuwa hoto 1000, aka ce wanda bai biya ba za a goge masa rarar. MySpace, wani tsohon shafin sada zumunta, ya amsa a 2019 cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya na'urori, kimanin miliyan 50, kuma ba su dawo ba. Megaupload kuwa, wani shafin ajiye fayiloli, hukumomin Amurka ne suka rufe shi rana ɗaya a Janairun 2012, har waɗanda kayansu na halak ne suka rasa hanyar isa gare su. Hausawa sun riga sun faɗa cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan duka cin mutane, kuma kusan kowane mako sai an zo mini da shi. Yawancin manhajojin nan madubi ne na abin da ke cikin waya. Idan kika goge hoto a cikin manhajar da niyyar samar da wuri a wayar, yana gogewa har a can sama, ya zauna a kwandon shara na ɗan lokaci, kwana 30 ne a iCloud, ma'ajiyar kamfanin Apple, daga nan ya tafi ke nan. Na ga uwa da ɗanta ɗan shekara huɗu ya goge mata hotunan shekara guda yana wasa da waya, ba ta lura ba sai bayan wa'adin ya wuce.

Mai Hoto:

Allah Ya gafarta wa Baba, Hajiya. Malam, na yarda da bayaninka, sai dai ina tsoron kada wani ya karanta ya je ya kashe ajiyar intanet ɗinsa ya koma ga memori kaɗai, alhali wannan ya fi haɗari. Na fi shekara ashirin ina sana'ar hoto, tun zamanin fim. Akwatin da na tara fina-finan bukukuwan mutane ruwa ne ya shiga shago a wata damina ya manne su wuri ɗaya, ko guda ban ceto ba. Faifan CD da muka koma yi wa amare daga baya, da yawansu yau idan ka ɗaga su a rana za ka ga bayansu ya ɓaɓɓare saboda zafi. Memori kuma akwai jabu a kasuwa, a rubuta gigabait 64 a jiki alhali cikinsa bai kai takwas ba, zai nuna maka sunayen hotunan duka amma idan ka buɗe sai ka tarar babu komai. Ko mai kyau ne, idan aka jefa shi a durowa shekara da shekaru ba a jona shi ba, yana iya lalacewa.

Abin da nake yi yanzu, kuma shi ne abin da masu sana'ar a duniya suka daɗe suna koyarwa, shi ne kowane hoto mai daraja ya kasance yana wuri uku: ɗaya a na'urar da nake aiki da ita, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya kuma a wajen gidan gaba ɗaya. Intanet ya dace ƙwarai da wannan na ukun, domin gobara ko ɓarawon da ya shiga gidanka ba zai kai gare shi ba. Laifin yana zuwa ne idan ya zama shi kaɗai ne.

Hajiya, kafin ki gama da batun asusun, ki tambayi dangi. Hoton dawowa daga Hajji da wuya a ce ba ki tura wa kowa ba. Sai dai ki sani WhatsApp da Facebook suna matse hoto su rage ingancinsa, don haka wanda za ki samu zai yi kyau a fuskar waya ko a ƙaramin kati, amma idan aka ce a buga shi babba don a rataye a bango, fuskar za ta dusashe. Idan za a sake turo miki, ki ce a turo shi a matsayin fayil don kada a ƙara matse shi.

Ɗan Gusau:

Ina so in ƙara abu guda da ba a ambata ba, wato ranar da hoton yana nan lafiya amma hanyar zuwa wurinsa ta yanke. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. A lokacin ne aka nemi takardun karatun ƙanena da gaggawa, ni kuwa hotonsu na ɗauka na ɗora sama na share na wayar don wuri, sai da na yi tafiya zuwa wata jiha kafin na sauke su. A watan Maris na 2024 ma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya tabarbare a Najeriya da Gana da maƙwabtansu na tsawon kwanaki. Ga kuma tsadar data, domin sauke hotunan shekara shida a lokaci guda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga talaka.

Uwargida:

'Yar'uwa, Allah Ya ba ki haƙuri. Ni wani ɓangaren labarinki ne ya tayar mini da hankali. Mutumin da yake riƙe da tsohon layinki shi ne lambar tabbatarwa take zuwa wa, kuma yaron shagon ya san kalmar sirrinki tun ranar farko. Ban zargi ko ɗaya daga cikinsu ba, amma mu mata mun san abin da ke cikin wayoyinmu: hotunan ranar lalle da kamu, da na cikin ɗaki babu mayafi, namu da na ƙawayenmu da suka amince mana. A 2014 an kwashe hotunan sirri na wasu fitattun mata a Amurka daga asusunsu aka watsa, kuma hanyar da aka bi ita ce yaudararsu da saƙon ƙarya har suka ba da kalmar sirri da hannunsu. Idan Allah Ya sa kika shiga, abu na farko ki canza kalmar da lambar wayar, kafin ma ki kalli hoto ko ɗaya.

Sannan mu riƙa tuna mutuwa a wannan lamari. Da maigidan yayata ya rasu, wayarsa a kulle take, kuma har yau 'ya'yansa ba su ga hotunan da ya ɗauke su suna jarirai ba. Google da Apple duka suna da wurin da mutum zai naɗa amintaccensa tun yana raye, wanda za a ba izinin karɓar kayan asusun daga baya, amma kaɗan ne cikinmu suka san da shi.

Maman Yara:

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na bi shawarar Malam Mai Hoto na aika wa dangi, kuma zuwa daren jiya an turo mini hotunan Baba goma sha bakwai, har da wanda yake sanye da farar jallabiya a ƙofar gida ranar dawowarsa. Yau da safe na kai biyar an wanke mini su a kati, na kai wa mahaifiyarmu, ta daɗe tana riƙe da su ba ta ce komai ba. Bidiyon addu'ar ne ba a samu a wurin kowa ba, domin ban taɓa tura shi ba. Malamin Kwamfuta, na tuna cewa akwai tsohuwar kwamfutar maigida da na taɓa duba imel a kanta shekara biyu da suka wuce, tana wurin ƙaninsa a Zariya, kuma ya ce zai zo da ita ranar Asabar. Idan na kunna ta, in fara shiga asusun kai tsaye ne, ko akwai abin da ya kamata in kiyaye kada in yi kuskuren da zai sa a rufe shi?