Baƙin mai a motar haɗi mai injin babur: iya ina kuke cikawa kafin shiga filin tsere?

Baban Hanif daga Leeds: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ina fama a gareji, yanzu Allah ya sa na gama haɗa MK Indy ɗina, motar da ake sayen kayanta a haɗa da hannu, da injin babur Yamaha R1. Wata mai zuwa zan kai ta filin tsere na Cadwell Park a Ingila karo na farko. A kan titi ina tsayar da mai a tsakiyar ɗan gilashin nan na gefen inji, yadda littafin babur ya ce. Wasu na cewa in ƙara, wasu na cewa kada in kuskura. Ku da kuka taɓa shiga fili, me kuka gani da idonku?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, littafin nan don babur aka rubuta shi. Babur in ya shiga kwana kwantawa yake yi, sai man ya zauna a gindin kasko, wato mazubin mai na ƙasan inji, bakin bututun da famfo ke zuƙa ya kasance a nutse. Mota ba ta kwantawa. Ɗauki kwanon miya ka juya da sauri, ka ga inda miyar za ta nufa. Haka mai yake taruwa a bango ɗaya, famfo ya zuƙi iska. Ga shi kuma mun juya injin, tsawonsa ya bi tsawon mota don ya haɗu da farfela, sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, wato kaskon yana shan jijjiga ta ɓangaren da ba a yi shi dominta ba. Nima R1 gare ni. Na sa farantin tare mai tsakanin inji da kasko, ina cikawa zuwa layin sama na gilashin, sannan in ƙara kamar mililita 250. Bazara huɗu ke nan, alhamdu lillahi.

Ɗan Birmingham: Ni dai na ɗanɗana kuɗata, kuma sakacina ne. Injin babur mai cc 1100 ne a tawa, babu faranti, mai a tsakiyar gilashi. Muna filin Mallory Park, a doguwar kwanar nan ta dama, Gerard's, wadda mutum zai yi ta juyawa kamar ba za ta ƙare ba. A zagaye na shida na ga jar fitilar mai ta ƙifta ta ɗauke, na ce ai ba komai. Ban yi zagaye biyu a kai ba na ji ƙwas ƙwas daga ƙasa. Da muka kwance kasko, man yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, metal ɗin da karanshaf (babbar sandar juyin inji) ke juyawa a kai ya cinye, karanshaf ɗin ya yi shuɗi. Baban Hanif, fitilar nan ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya kusa ƙarewa gaba ɗaya, ga inji yana juyi fiye da 10,000 a minti. Don Allah ka sa geji mai nuna ƙarfin mai inda idonka zai riƙa kai wa.

Maman Iman: Allah ya mayar da alheri, Yaya. Amma a yi hattara da ɗaya ɓangaren. Da muka ji irin wannan labari, ni da maigida tsoro ya sa muka ƙara kusan lita guda a injin Honda Fireblade na motarmu kafin mu je filin Anglesey. Karanshaf ya riƙa kaɗa man har ya yi kumfa, ya bi ta bututun numfashi ya cika gwangwanin tara mai, ya fara zuba a ƙasan mota. Aka ɗaga mana tuta muka fito, kuma da gaskiyarsu, mai a kan kwalta haɗari ne ga na bayanka. Man da ya yi kumfa ma ba ya riƙe metal. Sirinji muka samu muka zuƙe.

Injiniya daga Hull: Tawa Westfield Megabusa ce, injin babur Suzuki Hayabusa mai cc 1299. Tun da na koma tayoyi masu kama ƙasa sosai na daina dogara da ƙari. Na sa tsarin busasshen kasko: famfo yana kwashe mai zuwa wani dogon tanki daban, daga can inji ke sha, kowace kwana aka shiga. Irinsa ne a motar tsere Radical SR3. Yana da tsada. Mai neman sauƙi yakan sa Accusump, tulun da ke ajiye mai a matse ya tura shi da zarar ƙarfi ya faɗi. A tankin nan ana duba mai ne da zafinsa, ana kashe inji, kafin ya gangara kasko.

Tsohon Bakanike: Na manta, a duba yadda injin ya zauna. In ya karkata ba kamar yadda yake a babur ba, gilashin ƙarya zai yi maka. Mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a duba bayan kowace fita. Man kuma na babur, mai alamar JASO MA, don kuloci a cikinsa yake wanka.

Baban Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Faranti ba ni da shi, yau zan yi oda tare da geji. Ranar Asabar zan ɗora ma'aunin ruwa a kan injin in ga karkatarsa kafin in zuba ko ɗigo.