Mu samarin zango sai lokacin zaɓe ake nemanmu, ta ina za mu shiga a ji ta bakinmu?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni. A bes ɗinmu, wato majalisar da muke zama mu samarin Aboabo a Kumasi ta Ghana, akwai masu tuƙa pragya (keke mai ƙafa uku) da teloli da masu gyaran waya a kasuwar Kejetia har da waɗanda suka gama jami'a, kafin zaɓen 7 ga Disamba 2024 kullum ana zuwa mana da riguna da sukari da ganyen ataya, mu ne liƙa fosta mu ne cika fili mu ne tsayuwa har dare ana ƙirga ƙuri'a. Ana gama zaɓe shiru kake ji. Kwatar bayan gidanmu in an yi ruwan sama har cikin ɗakuna take shigowa, ran da aka zauna maganarta ko mutum ɗaya ba a kira cikinmu ba, sai daga baya muka ji wai an yi taro. Wai ta ina saurayi zai shiga inda ake yanke shawara ba sai ya zama yaron wani ɗan siyasa ba?

Ticha Sawaba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in tambaye ka, ran 19 ga Disamba 2023 ku nawa kuka fita daga bes ɗin? Ranar aka zaɓi asambiliman, wato wakilin unguwa a asambili (majalisar ƙaramar hukuma), da 'yan yunit kwamiti, wato kwamitin unguwa, kuma ita ce ranar da muke barci, rumfar da ake layi tun asuba a zaɓen shugaban ƙasa sai ka tarar ma'aikata kawai zaune. Alhali maganar kwata da shara da fitilar unguwa da lasisin shago duk a asambili ake yin su, irin ta Asokore Mampong da Aboabo da Asawase da Sawaba suke ƙarƙashinta.

Kuma zaɓen nan babu jam'iyya a ciki, tsarin mulkin 1992 ya hana. In ka kai shekara 18 kana da rajistar zaɓe kana zaune a yankin za ka iya tsayawa, ba sai wani babba ya ɗaga hannunka ba. Majalisar dokoki shekara 21 ne, shugaban ƙasa ne kawai sai 40. Sannan dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ɗora wa asambiliman ya zauna da mutanensa kafin kowane zaman asambili, ya dawo ya faɗa musu abin da aka yanke. Ba alfarma yake muku ba. Ku rubuta masa takarda da sunan bes ɗinku ku sa hannu ku nemi ranar zama, ku riƙe kwafi.

Baban Hanifa:
Ticha gaskiya ka faɗa amma ba duka ba. Ko yaron ya ci asambiliman kuɗin aiki ba a hannunsa suke ba. Shugaban asambili shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na 'yan asambilin ma naɗa su ake yi, an shirya ƙuri'ar raba gardama kan zaɓen ƙananan hukumomi a Disamba 2019 aka soke ta ana saura makonni biyu. To wanda ba ƙuri'arka ta kawo shi ba don me zai ji tsoronka? Ni abin da ke min ciwo kenan wallahi. An kafa asusun raya zango tun 2017, samari nawa aka taɓa tambaya me suke so a yi da shi a unguwarsu

Ticha Sawaba:
Haka ne Baban Hanifa, amma shugaban asambilin da aka naɗa ɗin sai kashi biyu cikin uku na 'yan asambilin da suka kaɗa ƙuri'a sun amince da shi, an sha ƙin wasu a ƙasar nan. Kuma akwai dokar neman bayani ta 2019, ka rubuta ka tambayi nawa aka ware wa kwatar nan, wa aka ba kwangila, doka ta ba su kwana 14 su amsa. Mu ne ba ma rubutawa.

Ummi tela:
Yayyena kuna ta cewa samari samari, mu fa? Taron unguwa kullum bayan isha'i a ƙofar masallaci, wace budurwa ce za a bari ta fita lokacin, in ma ta je a bayan fage za ta tsaya. Kuma mu ne ke kwashe ruwan nan da bokiti tsakar dare, mu ne ke kai yara asibiti in zazzaɓi ya kama su, mun fi kowa sanin inda kwatar take toshewa. Francisca Oteng-Mensah shekararta 23 ta ci kujerar majalisar dokoki ta Kwabre East a 2016, nan kusa da mu ne fa. Dan Allah in za ku nemi zaman ku sa shi Lahadi bayan la'asar a filin makaranta, ni zan zo da 'yan shagonmu.

Alhaji na Zango:
'Ya'yana Allah ya yi muku albarka. Abin da Ummi ta faɗa ku riƙe shi. Abu ɗaya nake roƙonku, duk wanda ya zo ya ce ku zama masu tsaronsa ko ku je ku tare rumfar zaɓe ku ce a'a, kun ga rikicin da aka yi a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Accra a Janairun 2019, bayansa aka yi dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa, kuma in an kama ɗan talaka ne ke shiga kurkuku. Mu ma manya muna da laifi, yaro na buɗe baki sai a ce ba shi da kunya. Ku wakilta mutum biyu, namiji da mace, ku same ni bayan Juma'a in raka ku wajen mai unguwa da takardar.

Ɗan Aboabo:
Amin Baba, mun gode ƙwarai. Anti Ummi Lahadi bayan la'asar ɗin za mu rubuta. Ticha dan Allah takardar neman bayanin nan da Turanci dole za a yi ta, kuma wane ofis ake kai ta a asambili?