"Rabon kwaɗo ba ya hawa sama": a nan wa ye kwaɗon?

Bakanike: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a gareji saura ƙiris mu ɓata da ogana a kan karin maganar nan. Wani yaronmu ne ya nuna mana tsohon bidiyo a waya, tseren motoci na Daytona 500 da aka yi a Amurka a 1979. A zagayen ƙarshe motoci biyu sun yi wa saura fintinkau, Donnie Allison a gaba, Cale Yarborough na manne da shi. Cale ya zo zai wuce ta ciki, Donnie ya tare, suka dinga gugar juna har suka daki katanga, suka gangaro cikin ciyawa. Richard Petty da ke can baya a na uku ya zo ya wuce su ya cinye. Oga ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Na ce Oga, ba muhallinta ba ne nan, wanda ya yi mil 500 yana taka mota ba a ce masa kwaɗo ba. Ya ce tun ina goye yake karin magana. Na yi shiru don girmansa, amma abin na cina. A raba mu.

Ɗan Tasha: Oganka ya fi ka gaskiya. Abin da aka rubuta naka ne, ko ya hau sama sai ya faɗo gabanka.

Malamin Firamare: Ni ina bayan Bakanike. Kwaɗo ba ya hawa, zaune yake abu ya faɗo masa. Nan kuwa "kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi" ta fi zama.

Direban Tirela: Malam, ita ma ba ta zauna ba, don gardi shi ke bugun kurar, Petty kuwa bai taɓa kowa ba. Ina tuƙi a Amurka, kuma har yau masu son NASCAR, wato gasar tseren motocin nan ta Amurka, ba su gaji da labarin ranar ba. 18 ga Fabrairu ne, karo na farko da aka nuna tseren tun daga farko har ƙarshe kai tsaye a talabijin, ga dusar ƙanƙara ta kulle mutanen gabashin ƙasar a gida, kowa ya zuba ido. Zagaye 200 ake yi, kowanne mil biyu da rabi, wajen kilomita 800 ke nan. An yi ruwa kafin a fara, ciyawar gefen hanya duk laka ce, shi ya sa da tayar Cale ta sauka ciki sitiyari ya ƙwace masa. Bayan sun tsaya Bobby Allison, yayan Donnie, ya faka kusa da su, magana ta yi zafi, Cale ya kai masa duka da hular kwano, aka kaure da dambe a gaban kamara. Tarar dala 6,000 aka ci kowannensu su ukun. Shi Petty watanni kaɗan kafin nan aka yi masa tiyata a cikinsa, ya daɗe rabonsa da cin tsere, kuma ko a ranar Darrell Waltrip na dab da bayansa har layi. Wannan ba zaman jiran tsammani ba ne.

Ɗan Damagaram: Mu nan idan an faɗe ta, haƙuri ake ba wanda ya rasa. Ban taɓa jin an yi wa wanda ya samu gori da ita ba.

Mai Shayi: Ku zo jiharmu ku ga kwaɗi da manyan riguna. Giwaye biyu suka yi ta kokawa a zaɓen fid da gwani, kotu ta watsar da su duka, aka ɗauko wanda ko a akwatin ƙofar gidansa bai ci ba. Yanzu da jiniya yake wuce mu.

Ɗan Tasha: Wancan ai rabonsa ya hau sama, har jirgi yake hawa.

Jikar Inna: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Lokacin da ake dalar gyaɗa a Kano tana budurwa a ƙauyensu, mutum biyu ke nemanta. Ɗaya ɗan mai awon gyaɗa ne, ɗaya direban babbar motar da ke zuwa kwasar buhuna. Ɗan mai awo ya kawo turmin atamfa, direba ya kawo fitilar ƙwai sabuwa da sabulu mai ƙamshi, wai har a ƙarƙashin matashi take ɓoye sabulun don kada ƙannenta su taɓa. Ranar wata kasuwa da dare suka haɗu a dandali, aka fara da habaici, aka ƙare da fasa kai, har gaban dagaci. Da gari ya waye babanta ya rantse ko su biyun ne suka rage a duniya ba zai ba su ba. To akwai wani tela da ke ɗinki a zauren gidan shekara da shekaru, shi ke rage wa ƙannenta riguna ba ya karɓar ko ahu, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Ranar Juma'a aka ɗaura aure, sadaka aka ba shi. Ta ce kwana bakwai tana kuka. Shi ne kakana. Shekara arba'in da wani abu suka yi, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai "Malam". Bayan rasuwarsa ta hana a sayar da keken ɗinkin, duk Juma'a sai ta goge shi ta ɗiga masa mai. In muka tsokane ta da zancen direba sai ta ce, "Ku bar ni, rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

Uwargida: Allah sarki Inna, har na yi ƙwalla. Amma 'yar uwa, wa take nufi da kwaɗon, ita ko Malam?

Jikar Inna: Wallahi Yaya mun sha tambaya. Mamata ta ce Malam take nufi, don shi abu ya faɗo wa. Gwaggona ta ce a'a, kanta take nufi, ita ce ta dace. Har yau in an haɗu a biki sai sun yi musun.

Malamin Firamare: To ai telan ma yana zauren. Da a wani gari yake ɗinkinsa wa zai tuna da shi?

Direban Tirela: Bari in ƙara muku. A 1976, a filin nan dai, Petty ne a cikin karon. Shi da David Pearson suka yi karo a kwanar ƙarshe, motar Petty ta mutu a ciyawa taku kaɗan kafin layi, yana kallonsa. Pearson ya danne kuloci injinsa bai mutu ba, ya lallaɓa da motar a lotse ya tsallaka. Mutum ɗaya, shekara uku tsakani. Ran nan me Oga zai ce?

Ɗan Tasha: Ita dai zai faɗa, sai dai kwaɗon ya canja.

Mai Shayi: Namu ba ya canjawa, tazarce yake nema.

Bakanike: Maganar kulocin nan ta shiga kaina, wannan sanin mota ne tsantsa. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni abin da zan faɗa wa Oga gobe.

Uwargida: Kai masa shayi ka gaishe shi, ɗana. Jikar Inna, shi direban fa, ya yi aure daga baya?

Jikar Inna: Ƙawar Inna ya aura, wadda ta riƙe mata fitilar a daren da aka yi faɗan. Fitilar ma gidansa ta koma.