Maginiya mun yarda, to mai cin ƙashin fa?

Malamin sakandare: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa darasi da Hausa kan ƙashin ɗan Adam, sai kalmomi uku suka gagare ni: ostiyoblas, ostiyoklas da ostiyosait. Dukansu ƙwayoyin halitta ne, ba a ganinsu sai da madubin likita. Ta farko ita ke shimfiɗa zaren kolajin (wani nau'in furotin), gishirin kalsiyam da fosfet ya hau kai ya taurare. Ta biyu tana cinye tsohon ƙashi. Ta uku tana can zaune cikin ƴan ramuka a tsakiyar ƙashin. Na sa wa ta farko maginiya, ta biyu marushiya, ta uku ko suna ban samo mata ba.

Ɗalibar likitanci: Wa alaikumus salam Malam. Maginiya ta zauna daram. Marushiya ce ban gamsu da ita ba. Yaro na jin rushewa zai ɗauka cuta ce, alhali da aikinta ake samun lafiya. Kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashin baligi ake cinyewa a sake ginawa duk shekara. Kuma ba da ƙarfi take yi ba. Mannewa take a jikin ƙashin, ta zubo asid ya narkar da gishirin, wasu sinadarai su ci kolajin, ta bar ɗan gurbi, maginiya ta zo ta cike. Ba don ita ba, ramin ɓargo ba zai faɗaɗa ba lokacin da yaro ke girma: tana ci ta ciki, maginiya na ƙarawa ta waje.

Mai fassara: Malam bai yi nisa da asali ba. Kalmar ostiyoklas daga Girkanci take, ma'anarta mai karya ƙashi, masanin kimiyya Albert Kölliker ne ya raɗa ta a 1873. Amma me ya hana mu ce garar ƙashi? (Don Allah a riƙa sa lanƙwasar ƙ, kada darasin ya koma wani abu dabam.)

Ɗalibar likitanci: Yaya, gara ai ta fi marushiya muni, wa ya taɓa yabon gara? Ka dubi ɗori. Bayan karaya ta haɗe akwai kullutun da ke fitowa a wurin, wannan ƙwayar ce ke rage shi a hankali har ƙashi ya koma kamanninsa. Ni manarkiya nake so, tunda narkarwa take.

Malamin sakandare: Na ɗauki manarkiya. Da na yi tunanin mazaizayiya, amma harshe zai sarƙe. Saura ta uku.

Likitan ƙashi: Ku ce mazauniya. Maginiya ce da ta yi ta gini har ya rufe ta, sai ta zauna a ciki. Su ne fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin ƙashi. Kada dai sunan ya sa a zaci barci take, Malam. Tana miƙa siraran hannuwa ta ƙananan hanyoyi zuwa ga maƙwabta, tana jin nauyin da ƙashi ke ɗauka, ita ke sanar da inda za a narke da inda za a gina. A ƙashi mai tauri suna jere ne zobe-zobe, kewaye da wata magudana da jijiyar jini ke bi, wadda Clopton Havers na Ingila ya bayyana a 1691. Wannan ku bar mata sunansa, magudanar Havers.

Mai fassara: Dakta, to wurin nan kusa da ƙarshen dogon ƙashi, inda tsawo ke ƙaruwa? Na ga an rubuta farantin girma, ni dai bai shige ni ba.

Likitan ƙashi: Guringuntsi ne, yana ƙaruwa ƙashi na maye gurbinsa, har ya toshe bayan balaga, tsawo ya tsaya. Ku rubuta guringuntsin tsawo, a gwada wa ƴan aji mu ji ko zai zauna a bakinsu.