Masu horar da yaran unguwa ƙwallo kyauta: ina ake yin tuntuɓe?

Koci daga Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Kusan kowace unguwa akwai matashin da ya ɗauki nauyin koya wa yara ƙwallo, ba ko sisi. Sai dai da yawa ba a rufa wata uku ake watsewa. Waɗanda suka san aikin su taimaka mana.

Malamin firamare, Zariya: Wa alaikumus salam. Lokaci ne farkon matsala, ba kuɗi ba. Idan ka sa atisaye bayan la'asar ranar Asabar zuwa Laraba, ka ci karo da Islamiyya, kuma uba ba zai zaɓi ƙwallo ba. Ka riƙe Alhamis da Juma'a da yamma. Fili kuma ka nemi izinin hedimasta a rubuce, sannan ka kai gaisuwa wurin mai unguwa, don ranar da ƙwallo ta fasa gilashin motar wani.

Tsohon ɗan wasa, Jos: Gaskiya ne Malam. Ƙari a kai: yaro ɗan shekara 8 zuwa 12 ƙwallo mai lamba 4 ake ba shi, lamba 5 sai ya kai 13. Babbar ƙwallo tana sa shi bugu da tsinin yatsa, daga baya gyaran ya yi wuya. Kada a zuba yara 22 a babban fili, wasu har a tashi ba su taɓa ƙwallo ba. A raba su bakwai-bakwai a rabin fili. Ƙarfen raga kuma a binne ƙafarsa da siminti, domin yara suna lilo a jikinsa, in ya kife kan yaro ba ƙaramin abu ba ne.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna: Koci, ka tambayi iyaye tun ranar rajista ko yaro yana da sikila ko asma. Daga Maris zuwa Mayu a tsaya shan ruwa duk minti 20, ko ba su nema ba. In babu ORS na sacet, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Targaɗe: ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, ban da murzawa da ruwan zafi a ranar, yana ƙara kumburi. In bai iya taka ƙafar ba, hoton ƙashi kafin mai ɗori. Wanda ya bugu a kai ya ce yana jin jiri ko ya yi amai, ya gama wasa ranar, asibiti za a wuce.

Ma'ajin wata ƙungiya, Katsina: Kuɗin karo-karo kada ya zauna hannun koci. Mutum biyu daga cikin iyaye su riƙe littafi, a karanta shi gaban kowa duk ƙarshen wata. Zargi ne ke kashe yawancin ƙungiyoyin nan.

Tsohon ɗan wasa, Jos: Sai 'yan damfara masu cewa su wakilan 'yan wasa ne. Da yaro ya fara fice za su zo da labarin Ahmed Musa, su nemi uba ya sayar da fili a kai ɗansa Turai. Dokar FIFA ta hana cinikin yaron da bai kai 18 ba zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan sharuɗɗa. Koci ne kaɗai a unguwar zai iya faɗa wa uban haka ya yarda, saboda an san bai taɓa karɓar kwabo ba.

Koci daga Fagge: Allah ya saka da alheri. Saura batun azumi, ko a dakata ne ko a mayar bayan tarawihi?