Fuskar da ba a gani ba, a sa ta a bango?

Malam Sabo: Ga magana, a tauna. Tun bikin cika shekara 200 da tashin Girkawa na 1821 kan Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ake ta zana jarumansu a bangon makarantu da gefen titi. Ni ra'ayina, wanda ba a zana shi yana raye ba, kada a sa fuskarsa. Karl Krazeisen, hafsan sojan Babariya, ya zauna da Kolokotronis da Kanaris da Miaoulis da Karaiskakis tsakanin 1826 da 1827, ya zana su ido da ido. Waɗannan babu gardama. Amma Athanasios Diakos an kashe shi tun 1821 bayan yaƙin Alamana, kuma hoton da kowa ke kwafa Dionysios Tsokos ne ya yi shi a 1861. Shekara 40 tsakani. Wannan fuskar waye?

Hajiya Rabi: Malam, da wannan doka taka ai ka share rabin bangon. Markos Botsaris ya mutu 1823, Papaflessas da Bouboulina 1825, duk kafin Krazeisen ya sauka. Sai a ce wanda ya riga mutuwa shi ne ba shi da rabo? Kuma mai wucewa a mota ba karan hanci yake dubawa ba. Hular kwano yake gani ya ce Kolokotronis, alhali hular nan daga aikin sojan Ingila da ya yi a tsibirin Zakintos ta fito.

Malam Sabo: Hajiya, ai kin ƙara mini hujja. Hula ake tunawa, ba mutum ba.

Injiniya Bashir: Ku gafarce ni, ko zanen Krazeisen ɗin aka ɗauka, wajen faɗaɗa shi kamannin ke gudu. Hoton santimita 20 za a mai da fuska mai mita 5, ninki 25 kenan. A takarda a ja gidaje na santimita 2, a bango na santimita 50. Kuskuren milimita 2 a ido ya zama santimita 5 a sama, sai ka ga jarumi ya koma mai harara garke. Ga shi zanen nasa na fensir ne, bugun da aka yi a Munik ne ya yaɗu, don haka launin fata da inuwa mai fenti ne ke ƙara nasa. Ƙirƙira dai ba a tsere mata.

Hajiya Rabi: Yauwa. Mai zane Theophilos ma da ya cika bangon gidan Kontos a Anakasia kusa da garin Bolos da jaruman 1821, bai ga ko ɗayansu ba, kuma yau gidan adana tarihi ne.

Usta Lawal: Wancan a cikin ɗaki yake, Hajiya. A waje abin da ke cinye fuska daban ne. Sabuwar filastar siminti sai ta kwana 28, in ba haka ba kaifinta ya ƙone fentin. Kafin a taɓa buroshi, a manna leda mai faɗin santimita 45 da salatif, a bar ta ta kwana. In an ga raɓa a ciki, bangon na da danshi, fenti zai yi bororo ya ɓare. A tsibirai irin Spetses gishirin teku ke tsattsafowa ta bayan fenti kamar farin gari, sai an kankare da buroshi a bushe. Bango mai mita 6 da 10, shafi biyu na share fage, lissafi lita 12 ne, amma filasta mai kaushi ta fi haka sha.

Sai ja. Jar dara da kumatu su ke fara kodewa a bangon da ke kallon kudu, domin jan fentin feshi mai haske ba ya jure rana. Jan da aka samo daga tsatsar ƙarfe ya fi duhu amma yana zama. Fentin silikat da wani Bajamushe mai suna Keim ya yi wa rajista a 1878 yana kama jikin filasta, yana barin bango ya yi numfashi, sai dai ba ya hawa kan tsohon fentin roba, sai an cire shi kaf.

Malam Sabo: Usta, duk na ji, amma ba ka amsa ni ba. Fenti mai ƙarko a kan fuskar zato, zaton ne kawai zai daɗe.

Injiniya Bashir: To a rubuta a ƙasan zanen: sunansa, shekarar mutuwarsa, da hoton da aka kwafa da shekararsa. Yaro ya karanta 1821 da 1861, ya yi lissafi da kansa.

Malam Sabo: Wannan zan iya haɗiyewa, in rubutun zai karantu daga titi.

Usta Lawal: To kada ya sauko ƙasa da mita ɗaya, nan danshi ke hawowa, nan kuma hannun masu ɓata bango da fentin feshi ke kaiwa. A bi mita 3 na ƙasa da shafin kaki. In an ɓata, ruwan zafi ya wanke kakin da ɓarnar tare, a sake shafawa.